Gishiri: A ƙirga mutane kafin a tura katafila

Abin da ya faru a Gishiri a watan Maris na 2025 bai kamata ya bi sahun sauran labaran rusau na Abuja ba, waɗanda ake yi wa ihu kwana biyu a manta. Katafila ta shiga ƙauyen da rakiyar jami'an tsaro, Ministan Babban Birnin Tarayya Nyesom Wike yana wurin da kansa, aka ture gidaje domin titi ya ratsa gundumar Katampe. Hukumar birnin ta ce ta ba da wa'adi, ta kuma yi tanadin diyya. Abin da ba ta faɗa ba shi ne mutum nawa ke kwana a ɗakunan da aka rushe, su wane ne, yaushe suka zo, kuma ina suka kwana a daren. Ba ta faɗa ba, da alama domin ba ta ƙirga su ba. Hukumar ta iya ƙirga ɗakuna da itatuwan mangwaro idan za a yi lissafin diyya. Mutanen da ke ciki ne ba ta da lissafinsu.

Duk wanda ya shiga Gishiri, ko Mabushi, ko Jabi, ko tsohon ƙauyen Garki, ya san cewa ƙauyen da iyayen Gbagyi suka bari ba shi ne na yau ba. Gidan gado yana nan, amma an kewaye shi da jerin ɗakunan haya, domin tun da gona ta koma rukunin gidajen masu kuɗi, haya ce ta zama noman mai gida. A ɗakunan nan akwai Bahaushe mai shayi da mai tura kurar ruwa, akwai Ibo mai shagon kayan gini, akwai tela Bayarabe, akwai 'yan Tibi da Idoma da Igala masu aikin gadi da tuƙi da girki a manyan gidajen Maitama. Bayan 2014 mutanen Gwoza da rikicin Boko Haram ya koro sun samu mafaka a Durumi da Kuchingoro. A lunguna da yawa Hausa da Turancin buroka sun fi Gbagyi tashi, kuma mai unguwa kan yi sulhu tsakanin mutanen da bai san garinsu ba.

Wannan cakuda ba laifin kowa ba ne daga cikin mazauna ƙauyen. Gwamnati ce ta gina birnin da ba ta tanadar wa ma'aikatansa wurin kwana ba. Tun da fadar gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991 jama'a ke kwararowa, kuma wanda albashinsa ba zai kama ɗaki a Wuse ba dole ya nemi ƙauye mafi kusa da wurin aikinsa. Rusau na zamanin Minista Malam Nasiru el-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙara dagula lissafin. An share Chika da Aleita da Idu-Karmo, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙiyasta waɗanda abin ya shafa da sama da 800,000. Wasu an nuna musu filaye a Pegi, can cikin Kuje, babu ruwa babu hanya. Da yawa sun tsallaka Mararaba da Masaka a Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Neja. Saura kuwa sun cusa kansu cikin ƙauyukan da katafila ba ta kai ga su ba tukuna, irin su Gishiri.

Ga 'yan asalin kuwa, an gaji da gafara sa ba a ga ƙaho ba. Ranar 3 ga Fabrairun 1976, lokacin da Janar Murtala Muhammed ya sanar da sabon babban birni bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya yi alkawarin cewa za a sake wa mazauna yankin matsuguni a inda suka zaɓa, da kuɗin gwamnati. Kwana 10 bayan haka aka kashe shi. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ga kuɗin ya yi yawa, ta ce sai wanda gini ya iso kansa za a tayar. Aka kai mutanen Wuse Sabon Wuse a jihar Neja, aka kai na Maitama Kubwa. A 1992 aka ce a bar Garki a inda take, a haɗa ta da birni. A 1999 aka janye wannan, aka koma batun tayarwa. Gidajen da aka gina a Jibi domin waɗanda za a tayar jami'an tsaro ne suka shige. Shere-Galuwyi, da aka tanada wa Utako da Mabushi da Jabi tun tsakiyar shekarun 2000, ta zama abin da kowane sabon minista ke kai wa ziyara ya sake yin alkawari. Su ma mutanen Tungan Maje ba su manta da shekarun da suka kwashe suna ja-in-ja da sojoji kan gonakinsu ba.

A ƙarƙashin duk wannan akwai sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya danƙa dukkan ƙasar Babban Birnin a hannun Gwamnatin Tarayya. Mutumin da kakansa ke kwance a bayan gida ba shi da takardar mallakar gidan. Idan aka tashe shi, kuɗin gini da amfanin gona da itatuwa ake biyan sa, ban da ƙasar. Baƙon da ya sayi fili a hannun dagaci, ya adana takardar a ƙasan akwati shekara 20, ranar rusau yake jin cewa ba ta da daraja a gaban hukuma, kuma sunansa ɗan kama-wuri-zauna. Ɗan haya ya fi kowa shan kashi. Ya biya kuɗin shekara, 'ya'yansa suna makarantar unguwar, katin zaɓensa na rumfar unguwar ne, amma diyya ta mai gini ce. Shi sai dai ya ɗaure katifa a kan Keke Napep.

Nan ne haɗarin yake, kuma shi ya sa wannan jarida ta dage cewa a ƙirga mutane tukuna. Idan babu jerin sunaye da kowa ya gani ya yarda da shi, kowane rusau sai ya koma rigimar ɗan gida da baƙo. Ɗan gida yana zargin an cusa sunayen baƙi domin a cinye rabonsa. Baƙo yana zargin mai unguwa ya share nasa. Mutanen da suka yi shekaru suna halartar suna da biki da jana'izar juna sai su koma kallon juna da ƙabila, jami'in da ya rubuta jerin a ofis kuwa babu mai tambayar sa. Ƙasar da ta ga abin da kalmar "baƙo" ta jawo a Zangon Kataf da Jos ba ta da hujjar yin wasa da ita a ƙofar fadar shugaban ƙasa.

Gaskiya ne birni yana buƙatar tituna, kuma Minista Wike ya kammala ayyukan da magabatansa suka yi watsi da su. Amma titin da aka zana a taswira tun shekaru da dama ba gobara ba ne, ba ambaliya ba ne. Hukumar da ta jira tsawon wannan lokaci tana iya jiran wata uku ta shiga gida-gida da littafi.

Siyasa ma ba za ta ceci waɗannan ƙauyuka ba. Babban Birnin ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha. Sanata ɗaya gare shi, da 'yan majalisar wakilai biyu, da ƙananan hukumomi shida. A 2023 Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda, ɗan asalin yankin da ya riƙe kujerar sanata tun 2011. Ta ci zaɓenta da ƙuri'ar mazauna, kuma haƙƙinsu ne su zaɓi wanda suke so. Sai dai sakamakon ya nuna wa Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana cewa yawansu ba ya ƙara kare su. Naɗa Zephaniah Jisalo minista a shekarar, bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar tun 2018 cewa 'yan asalin Abuja sun cancanci kujera a majalisar ministoci, bai ba ƙauye ko ɗaya takardar ƙasarsa ba.

Ƙidayar ƙasa kuwa an bar ta a baya. Ta ƙarshe ita ce ta 2006, wadda ta ba Babban Birnin mutum miliyan 1.4, ba ta kuma tambayi ƙabila ko addini ba. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Da alƙaluman da suka girmi yawancin yaran Gishiri ake tsara makarantarsu da asibitinsu.

Gishiri ba sai ta jira ƙidayar ƙasa ba. Wannan jarida tana kira ga Ministan da ya dakatar da shafa jan fentin rusau a kowane ƙauye har sai an ƙirga mazaunansa gida-gida, masu gida da 'yan haya, tare da shekarun da kowa ya yi a wurin, an kuma liƙa jerin a ƙofar fadar hakimi domin mai ƙorafi ya yi. A ware wa ɗan haya kuɗin tashi nasa na kansa. Ƙauyukan da titi bai bi ta kansu ba a shata musu iyaka, a ba su takardar mallaka. Majalisar Tarayya ce ke yi wa Abuja doka a ƙarƙashin sashe na 299, don haka kwamitocinta na Babban Birni su kira hukumar ta kawo sunayen waɗanda aka biya a Gishiri, da abin da kowa ya karɓa, da sunayen waɗanda ke zaune a gidajen Jibi a yau.