Kwamfuta Ta San Adadinmu, Ba Ta San Ciwonmu Ba

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Madalla. Yau kuma ma'aikatar lafiya tana tattara alƙaluman asibitoci ta manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙira. Yara nawa zazzaɓin cizon sauro ya kama, mata nawa suka haihu, lissafin na isa Yamai ta kwamfuta.

To amma me 'yar kasuwar Droum ta ƙaru da shi? Tarihin ciwon ɗanta yana cikin karne na takarda. In aka tura ta Miriya ko babban asibitin Damagaram, karnen ya ɓata ko ruwa ya jiƙa shi, sai a koma tambaya da awo daga farko. Ga kuɗin mota, ga ranar kasuwa ta wuce, jari na zagwanyewa.

Muna kira ga hukuma: yadda kuɗi ke bin mai shi ta salula, haka bayanin majiyyaci ya bi shi, a kuma tsare sirrinsa. Kafin nan, 'yan uwa, mu adana karne kamar littafin bashi. Allah ya ba mu lafiya.