Aman Dutsen Alaska da Yunwar Kakalaba

Manomin citta a Kachia ko Kwoi, da mai noman acca a gindin duwatsun Kagoro kusa da Kafanchan, duk sun san cewa daminarsu daga kudu take tasowa, watau daga tekun Atlantika. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dutse mai aman wuta a wata uwa duniya yana iya tare wa wannan ruwa hanya.

Ran 6 ga Yuni 1912 ƙasa ta tsage a Alaska, ta yi ta aman wuta da toka har wajen awa 60. A garin Kodiyak, mai nisan mil 100, rana ta koma dare. Babu wani aman dutse da ya kai wannan girma a duk ƙarni na 20. Wurin kuwa ƙungurmin daji ne, don haka sai daga baya masana suka yi ta bin sawu kamar mafarauta. A 1916 Robert Griggs ya tarar da kwari guda cike da toka yana tururi. Shekara da shekaru ana ɗora wa dutsen Katmai laifi, sai bayan 1950 da aka auna kaurin tokar wuri-wuri, aka gane cewa bakin da ya yi aman yana can mil 6 daga gare shi, shi ne Novarupta. Ƙanƙarar Girinlan ma ta ba da shaida, domin tana jibguwa shekara bisa shekara, kuma an sami gurbin farar wutar a cikinta.

To, farar wutar nan ita ce matsalar. Idan ta hau can ƙololuwar sama sai ta zama hazo mai rage zafin rana. Arewacin duniya ya yi sanyi, iskar damina ta kasa kutsawa arewa sosai, ruwa ya maƙale a kudu. A 1913 damina ta ƙi, yunwar da ake kira Kakalaba ta auka wa ƙasar Hausa har cikin 1914.

A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa fari ya sake biyo bayan aman El Chichon na Meziko a 1982. Lalle ba dutse kaɗai ke kawo fari ba, ɗumin teku ma da hannunsa. Amma hazon yakan ɗauki watanni kafin ya taɓa damina, kuma wannan tazara ta isa hukuma ta cika rumbuna, manomin Kudancin Kaduna kuma ya yi hattara da sayar da hatsinsa tun da kaka.