Shekara Guda Ina Hayar Littattafan Yaƙi

Makon nan alƙalami ya faɗo hannuna, kuma zan yi magana ne a kan littattafan da yawancinmu muka karanta a ɓoye muna yara, muka girma muka koma yi musu dariya. Ina nufin littattafan yaƙi, na jarumai da matsafa da aljanu.

Daga azumin bara zuwa na bana ban karanta wani ƙagaggen labari ba sai irinsu. Ko ɗaya ban saya ba, duk haya na yi a wani ɗan shago a Fagge, wanda yanzu rabinsa ya koma wajen cajin waya da tura finafinai. Abin da na fito da shi daga wannan shekara shi ne, littattafan nan sun cancanci a ajiye su, kuma babu mai ajiye su.

Na san abin da za a ce: ai ƙarya ce zalla. To, ƙaryar nan da ita aka buɗe ƙofar rubutun zube na boko. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, labarin mutumin da ya tafi neman ruwan magani har ya kai ga aljanu. Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, wanda ya fara da yaƙin Turawa ya ƙare da yaƙi a duniyar aljanu. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, kuma asalin labarin na wani jarumin Rasha ne, aka yi masa wankan Hausa har yaro ya ɗauka kakansa ne. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Waɗannan an saka wasu a manhaja, an yi jarrabawa a kansu, an rubuta kundayen digiri. Amma da Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ire-irensa suka ɗora daga inda aka tsaya, sai aka ce adabin kasuwa ne. Aljanin Zariya ya zama ilimi, na Sabon Gari ya zama shirme. Ni dai ban ga bambancin ƙahonsu ba.

Ba wai babu aibu ba. Akwai, da yawa ma. Sai a yi shafi goma ana sara da suka, ƙura ta turnuƙe, ta lafa, a sake turnuƙe ta. Kusan kowane jarumi sunan Larabawa gare shi, kowane birni a wata nahiya yake da ba ta san Dala ba. Wannan ya fi ci mini rai, domin muna da Barbushe, muna da Sarauniya Amina, muna da rijiyar Kusugu, amma da wuya marubuci ya waiwaye su. Ga kuma dabarar datse labari daidai lokacin da takobi ya ɗaga, a ce sai a littafi na biyu, daga nan na uku, na huɗu. Wannan kam lissafin 'yan kasuwa ne, kowa ya sani.

Duk da haka, ku tambayi samarin Fagge da suka haura talatin inda suka iya karatun Hausa da sauri. Da yawansu ba a aji ba ne. A bakin shagon haya ne, da naira biyar ko goma ta kuɗin tara, ana sauri a gama kafin mai shago ya ƙara kuɗin kwana. Ɗan ƙwadago da ya bar makaranta a aji uku, tela, yaron shago a Kantin Kwari, duk sun zauna sun cinye shafi ɗari ba wanda ya tsaya a kansu da bulala. Kuma kada a ce na maza ne kawai, na san matan aure da ba su da lokacin labarin soyayya, su dai a yi yaƙi. Shagon haya shi ne laburaren talaka a Kano, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta masa wannan suna a allo.

Yanzu wannan laburare yana mutuwa. Karatu ya koma waya, ana tura labari ta WhatsApp, ana sauraren na sauti a YouTube. Ban ƙi ba, ni ma ina saurare. Matsalar ita ce tsofaffin. An buga su a takarda mai araha, bango sirara, ba a yi su don su daɗe ba. A shekarar nan sau da dama na karanta na ɗaya da na biyu, na koma neman na uku, mai shago ya ce wanda ya ara bai dawo da shi ba tun shekaru, kuma ya zagaya wajen dillalai bai samu ba. Wasu marubutan ma ba su da kwafin nasu. Ku tuna gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Dare ɗaya ya isa ya share abin da aka yi shekara ashirin ana rubutawa. Kuma mun ga a 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta da sunan gyaran tarbiyya, saboda haka ba wuta ta haɗari kaɗai ake jin tsoro ba.

Abin da nake nema ba babba ba ne. Laburaren Murtala Muhammed ya ware kanta guda, a jera kowane littafi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a bar yaro ya zauna ya karanta ba tare da an harare shi ba. Kafin hukuma ta motsa kuwa, mu a wannan zaure muna iya farawa. Na san akwai masu kwali cike da su a ƙarƙashin gado ko a ɗakin ajiya na gidan Hajiya. Ku fito da su ku kaɗe ƙura, ku rubuto mana sunayen da lambar kowanne a ƙasa, mu ga waɗanne za mu iya haɗawa su cika kafin damina ta sauka gara ta riga mu.