Makarantun Katolika a Zariya: Ina gurbin ɗan talaka?

Makarantun cocin Katolika da ke Sabon Gari da Samaru a Zariya na fuskantar wata tambaya da ta daɗe tana damun cocin a arewacin Najeriya, wato yadda makarantar da ke koyar da fifita talaka za ta rayu da kuɗin makarantar da talakan ba zai iya biya ba.

Tambayar ta ƙara tsananta tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024. Dole makaranta ta biya malamai, ta sayi alli da littattafai, alhali iyayen yaran, waɗanda da yawansu 'yan kasuwa ne ko ƙananan ma'aikata a Jami'ar Ahmadu Bello, su ma abin ya ishe su.

Asalin matsalar

Sabon Gari ya bunƙasa ne bayan isowar jirgin ƙasa Zariya a farkon ƙarni na 20, inda baƙi daga kudu suka zauna a wajen ganuwar birni, kuma a can ne 'yan mishan suka sami damar gina majami'u da makarantu. A wancan zamani gwamnati kan ba irin waɗannan makarantu tallafi, abin da ya sa ɗan leburan reluwe ke iya zama aji ɗaya da ɗan akawu.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin soja ta Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan. Kwalejin St. Enda ta Katolika da ke Basawa ta koma hannun gwamnati, St. Paul ta Angilika a Wusasa ta zama Kufena, yayin da a Kaduna St. John ta zama Rimi, Queen of Apostles kuma ta zama Queen Amina.

Da cocin ya sake buɗe makarantu daga baya, sai ya dawo a matsayin mai zaman kansa, ba tare da wancan tallafi ba. Ma'ana, aljihun iyaye ne ke riƙe da makarantar. A wasu jihohin kudu an bi wata hanyar dabam: Legas ta mayar da wasu makarantu ga masu su a 2001, Anambra kuma ta yi haka a 2011 tare da ci gaba da ba su kuɗi.

Sadaka ko haƙƙi?

Cocin ba ya rasa hanyoyin agaji. Akwai ƙungiyar St. Vincent de Paul, wadda aka kafa a birnin Paris a 1833, da ke tara taimako ga mabuƙata a majami'u, akwai kuma hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya ta JDPC. A lokacin azumin Kirista na kwanaki 40 akan ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa su rage abin da suke ci domin su bayar, al'adar da ba baƙuwa ba ce ga maƙwabtansu Musulmi da suka san zakka da ciyarwar Ramadan.

To sai dai kuma koyarwar cocin kanta ta bambanta sadaka da adalci. A wasiƙarsa ta farko da aka fitar a farkon 2006, Paparoma Benedict na 16 ya bayyana cewa tabbatar da adalci nauyi ne da ke wuyan hukuma, kuma bai halatta a mayar da agaji tarkon sauya wa mutum addini ba. Paparoma Leo na 14 shi ma, a takardarsa ta watan Oktoban 2025, ya ɗauki ilmantar da talaka a matsayin wajibi.

Idan aka auna da wannan ma'auni, yafe wa marayu kaɗan kuɗin makaranta abin yabo ne, amma bai taɓa tushen matsalar ba. Galibin 'ya'yan talakawan Zariya, Musulmi da Kirista, suna makarantun gwamnati ne, a jihar da a 2017 hukuma ta ce malaman firamare fiye da 21,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Almajirin da ke bara a bakin kasuwar Samaru kuwa ko wannan bai samu ba.

Akwai kuma batun yarda. An ƙona majami'u a Zariya a rikicin watan Maris na 1987, sannan a ranar 17 ga Yunin 2012 aka kai harin bam a babbar majami'ar Christ the King da ke Sabon Gari. Irin wannan tarihi kan sa makaranta ta ɗaga katanga ta ƙara masu gadi, wanda shi ma kuɗi ne da ke komawa kan iyaye, kuma yana ƙara nesanta ta da unguwar da ke kewaye.

Dayosis ɗin Zariya, wanda aka cire daga na Kaduna a watan Disambar 2000, na ƙarƙashin Bishop Habila Daboh tun 2023, bayan rasuwar Bishop George Dodo a 2022. A gabansa akwai zaɓi biyu masu wuya: ko dai a ɗora wa iyaye masu hali ƙarin kuɗi domin a ɗauki nauyin marasa hali, ko kuma a matsa wa gwamnatin Kaduna lamba ta dawo da tallafi. Na biyun ba zai yiwu ba sai da haɗin kan makarantun Islamiyya na Zariya, waɗanda su ma da kuɗin iyaye suke biyan malamansu.