Bencin Mai Shayi da Shagon Gilashi



Duk mai bin titin Gwarzo, daga sabuwar jami'ar Bayero ya wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har cikin Gwarzo, ya ga yadda bakin titi ke sauyawa. Inda aka san rumfar kwano da benci biyu, yanzu shago ne mai tayil da gilashi, sunansa da Turanci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwarzo hanya ce ta motocin Dayi da Malumfashi da 'yan kasuwar Getso. Kabo kuma, tun da aka kawo mata babbar makarantar fasaha ta tarayya, ta samu baƙin ɗalibai da ma'aikata, kowa da cimar da ya saba.

Zamani riga ne, ba mu ja da wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, idan bencin mai shayi ya tashi, abu biyu za su bi shi: hira da bashi.

Mu fara da hira. A Ingila mashaya ce majalisar unguwa. Mu nan, tun kafin a ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, mai shayi da mai tsire da mai tuwo ne suke riƙe da wannan matsayi. Bayan isha'i za ka tarar da direba da malamin firamare da ɗan acaɓa da manomi a benci ɗaya, mai haɗin kauri kusa da mai ruwan bunu, rediyo na gefe. A nan ake jin kuɗin buhun taki, da wanda ya sauya sheƙa, da gidan da aka yi rasuwa. Yaro ya yi wa babba gardama cikin ladabi, babba ya mayar masa da habaici, a yi dariya. Sabon shago kuwa, ka biya, a zuba maka a roba, ka kama gabanka. Wanda ya zauna ma idonsa na kan waya.

Sai bashi. Yawancin masu shayi da masu garau-garau suna da ɗan littafi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ci har albashi ya shigo, lebura ya ci har ranar kasuwa. Babu jingina, sanayya ce kawai. Shekarar 2023 ta girgiza wannan littafi. A farkonta sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka ɓace, har mai ƙosai ta koyi karɓar taransifa. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, sukari da madara da burodi da ƙwai suka tashi. Wanda jarinsa bai wuce cinikin kwana biyu ba, da me zai ɗaga wa mutum goma ƙafa? A shagon gilashi kuma yaron da ke kanta ba shi da ikon cewa “ci, ka kawo gobe”. Mai gidan bai san ka ba.

Gaskiya ɗaya ce, sabbin wuraren suna da abin yabo. Sun fi tsafta. Babu wanda zai yi kewar kofunan da ake ɗaurayewa a bokiti ɗaya tun asuba. Sannan bencin nan na maza ne. Ɗaliba ko ma'aikaciyar asibiti ba ta taɓa samun gurbi a kansa ba, amma a shago za ta zauna ta ci abinci da mutuncinta. Don haka roƙonmu ga masu sabbin shaguna su bar benci a ƙofa, kada su kori mai zama bayan ya cinye. Hukuma kuma, duk ranar da za ta tashi rumfunan bakin titi, ta ware musu wuri a tasha da kasuwa.

Mu da ke koyon rubutu, namu aikin ya fi kusa. Littattafai da yawa da ke yawo a Wattpad da WhatsApp suna kai jarumansu cin abinci Dubai ko Abuja, alhali ga labari a ƙofar gida. Mai shayi ya buɗe littafi ya ga sunan amininsa wata uku ba biya: ya yi magana ko ya yi shiru? Bazawarar da ke ciyar da marayu huɗu da tukunyar ɗanwake ta wayi gari an buɗe shago a gabanta. Wa zai rubuta su?

Ga aikin wannan mako. Maza su zauna wurin mai shayi, mata su leƙa gidan da ake sayar da awara ko waina. A saurari yadda ake neman bashi da yadda ake hanawa ba tare da an ce “a'a” ba. A rubuto shafi ɗaya, a sakaya sunaye, mu karanta tare.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.