SHARHI: Garin da babu rai ko ɗaya a cikinsa, amma ana yaƙin neman zaɓe

A watan Afrilun 2023, wasu masu bincike daga Jami'ar Stanford da kamfanin Google, bisa jagorancin wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Joon Sung Park, suka bayyana wani ƙaramin gari da suka gina a cikin kwamfuta, suka raɗa masa suna Smallville. Mazaunansa 25 ne, kuma babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinsu. Kowanne an rubuta masa sakin layi ɗaya kan sunansa da sana'arsa da danginsa, aka bar wa manhajar da ke bayan ChatGPT sauran aikin.

Ɗaya daga cikinsu, Sam Moore, an sanya masa niyyar neman kujerar magajin gari. Bayan kwana biyu na lissafin garin, mazauna takwas sun san da takararsa, ba tare da masu binciken sun sake tsoma baki ba. Wata kuma, Isabella Rodriguez, an sanya mata niyyar shirya liyafa a shagonta na shan gahawa. Labari ya kai ga mazauna 12, biyar suka halarta.

A watan Agustan wannan shekarar aka saki manhajar kyauta a GitHub. Daga nan maganar ta bar ɗakin bincike ta shiga hannun duk mai kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma daga nan ne ta fara shafar siyasa.

Girka ta bai kai wahalar da ake zato ba. Mutum zai sauko da ita, ya tanadi harshen Python a kwamfutarsa, ya sanya mabuɗin shiga da ya samo daga OpenAI a cikin wani ɗan fayil. Daga nan sai ya tayar da injina biyu. Na farko shi ne mai zana garin, wanda aka gina da Django. Idan ya tashi, sai a buɗe burauza a ga taswira da gidaje da kantuna, da 'yan mutane suna kai-komo kamar a wasan bidiyo. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar, wanda ke aika tambayoyi ga manhajar harshe yana karɓo amsa. Mai aiki zai rubuta yawan matakan da yake so a gudanar, kowane mataki daidai da daƙiƙa 10 a rayuwar garin. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya saba da irin waɗannan kayan zai iya gamawa tsakanin la'asar da isha'i.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Duk motsin da mazaunin garin zai yi, tambaya ce da ake biya da dala. Masu binciken da kansu sun ce kwana biyun nan na mazauna 25 sun ci dubban daloli, kuma sun ɗauki kwanaki kafin su kammala. Farashi ya faɗi sosai tun daga lokacin, kuma yanzu akwai manhajojin harshe da ake gudanarwa a kan kwamfutar mutum ba tare da biyan kowa ba. Shingen da ya hana ƙaramin ɗan kwangilar kamfen shiga wannan fage yana ta raguwa.

Abin da ke faruwa a bayan allon ya cancanci a tsaya a kansa. Kowane mazauni yana da kundin tunawa, inda ake rubuta duk abin da ya gani ko ya ji cikin jimloli na yau da kullum. Idan zai yanke shawara, sai a zaɓo masa abubuwan da suka fi kusa a lokaci, da waɗanda suka fi muhimmanci, da waɗanda suka fi dacewa da halin da yake ciki. Lokaci zuwa lokaci yakan waiwayi kundin ya fitar da hukunci kan kansa da maƙwabtansa, sannan ya tsara yininsa. Amma duk wannan tunani daga rijiya ɗaya ake ɗebo shi. Mai shago da ɗalibi da ɗan takara da mai adawa da shi, manhaja ɗaya ce ke magana da bakinsu duka, tana sauya riga kawai.

Masu binciken ba su ɓoye aibun abin da suka gina ba, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Sun lura cewa mazaunan sun cika ladabi da saurin amincewa da ra'ayin wani, har Isabella ta riƙa karɓar shawarwarin da ba su dace da halinta ba. Wasu sun shiga kantuna bayan an rufe. Wata mazauniya ta bayyana maƙwabcinta mai suna Adam Smith a matsayin masanin tattalin arzikin nan na ƙarni na 18, don kawai sunansu ya zo ɗaya. Wannan abin dariya ne a wasan kwamfuta. A rahoton da za a miƙa wa gwamna ko shugaban jam'iyya, ba dariya ba ce.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a gani a taswirar. Mai gudanar da manhajar yana iya shiga ya zama “muryar zuciyar” kowane mazauni. A takardar binciken an nuna yadda aka raɗa wa wani mai suna John cewa zai kara da Sam a zaɓe, shi kuwa ya tashi ya sanar da iyalinsa cewa ya shiga takara. Haka nan ana iya adana kowane zagaye, a koma wani mataki a sake farawa daga can, a kuma sake haska wanda aka ga dama daga baya. Wanda aka zaunar gaban allo yana kallon 'yan mutane suna tururuwa zuwa gangamin wani ɗan takara ba shi da hanyar sanin ko zagaye na farko yake kallo, ko na hamsin da aka zaɓo saboda shi ne ya ba da amsar da mai biyan kuɗi yake so.

Tun bayan Smallville abin ya ƙara girma. A watan Nuwamban 2024 ƙungiyar masu bincike ta CAMEL-AI ta fitar da OASIS, wadda aka ƙera don kwaikwayon dandalin sada zumunta irin X da mazauna har miliyan ɗaya, a ga yadda labari ke yaɗuwa da yadda jama'a ke rabuwa gida biyu. A wannan watan dai Park da abokan aikinsa suka fitar da wani binciken da ya fi na farko nauyi: an yi hirar awa biyu da Amurkawa 1,052, aka gina wa kowanne kwafinsa na na'ura. Da aka yi wa kwafin tambayoyin wani sanannen binciken ra'ayin jama'a na Amurka, sun dace da amsoshin masu su da kashi 85 cikin 100 na yadda mutanen da kansu suka maimaita amsoshinsu bayan mako biyu.

Wannan kashi 85 shi ne masu tallar irin wannan fasaha za su fi ɗagawa. Abin da ba za su so a tuna ba shi ne tushensa: hirar awa biyu da kowane mutum, a ƙasar da rubutun mutanenta ya cika intanet, cikin harshen da manhajar ta fi ƙwarewa a kansa. Ko a Amurkan ma, wani bincike da Shibani Santurkar da abokan aikinta na Stanford suka yi a 2023 ya nuna cewa ra'ayin wasu daga cikin waɗannan manhajoji ya karkata ga masu ilimi da masu hali da masu sassaucin ra'ayi, kuma ba su wakiltar waɗanda suka haura shekara 65 yadda ya kamata. Idan dattijon Amurka bai samu wakilci ba, ina ga manomin da ke sauraron siyasa ta rediyo, yana tattauna ta a majalisar ƙofar gida da saƙon murya na WhatsApp? Kusan duk muhawararsa da baki ake yin ta, ba ta taɓa zama rubutun da na'ura za ta koya ba. Idan aka ce wa manhaja ta zama shi, abin da za ta fitar shi ne hoton da marubutan Turanci suka zana masa.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa. A 2018 jaridun Guardian da Observer na Birtaniya suka fallasa cewa wani attajirin Najeriya ya ɗauki hayar Cambridge Analytica gabanin zaɓen 2015 domin mara wa Goodluck Jonathan baya, kuma Christopher Wylie, tsohon ma'aikacin kamfanin, ya miƙa wa majalisar dokokin Birtaniya wani bidiyo mai tayar da hankali da aka shirya don tsorata masu zaɓe game da Muhammadu Buhari. Buhari ne ya ci zaɓen. Kamfanin dai ya karɓi kuɗinsa. A 2023 kuma, ƙuri'un jin ra'ayi da dama sun nuna Peter Obi a gaba, INEC ta bayyana Bola Tinubu da ƙuri'a kusan miliyan 8.8, kuma har yau magoya baya na jayayya kan wa aka tambaya da wa aka tsallake. Waɗancan ƙuri'un aƙalla mutane ne suka amsa su.

Hatsarin da ke gaban 2027 iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko shi ne a mayar da garin bogi filin atisaye, a gwada wace jita-jita ce ta fi saurin yaɗuwa kafin a sake ta a kan mutane. Wannan mai yiwuwa ne, sai dai raunin manhajar wajen sanin mai zaɓen Najeriya yana rage masa kaifi. Na biyu ya fi kusa kuma ya fi arha: a ɗauki hoton allo mai taswira da jadawali masu launi, a yaɗa shi da taken cewa “ƙirƙirarriyar basira ta yi hasashen” wane ne zai ci Kano ko Kaduna. Wannan ba ya buƙatar kwaikwayon ya zama daidai. Yana buƙatar masu turawa ne kawai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana magana ne kan bayanan mutane masu rai, kuma mai irin wannan hoto zai iya cewa bai taɓa bayanan kowa ba.

Ba wai kayan aikin ba shi da amfani ba ne. Kwaikwayon al'umma a kwamfuta ya girmi ChatGPT da shekaru masu yawa. Tun 1971 Thomas Schelling ya nuna da ƙa'idoji 'yan kaɗan yadda ɗan fifikon zama kusa da irinka ke iya raba gari unguwa-unguwa. Amma ƙa'idojin Schelling a fili suke, kowa na iya dubawa ya musanta. Na sabbin garuruwan suna binne a cikin manhajar da mai gudanar da ita ma bai san duk abin da ta haɗiya ba.

Don haka duk ɗan jarida ko matashin da aka turo wa irin wannan hasashe yana da tambayoyin da mai shi ba zai ji daɗinsu ba: wace manhajar harshe aka yi amfani da ita, da wane harshe mazaunan suka yi magana, wa ya rubuta tarihin kowannensu, mutum nawa na gaske aka yi hira da su kafin a gina su, me aka raɗa musu a tsakiyar aiki, kuma sau nawa aka gudanar da kwaikwayon kafin a zaɓi zagayen da aka ɗauki hotonsa.