Kisan 1899: har yaushe za mu jira jaridun waje?

A watan Yulin 2025, jaridar The Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa Faransa ta yarda ta tattauna da Nijar kan ta'asar ayarin Voulet da Chanoine, amma ba ta amsa laifi ba.

Jaridar ta saba da irin wannan. A 1899, lokacin ana kiranta Manchester Guardian, editanta C.P. Scott ya yi adawa da yaƙin da ƙasarsa ta yi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu. Masu saye suka ragu, har ƴan sanda suka riƙa gadin gidansa.

A shekarar ce aka ƙona Birnin Ƙonni, aka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Amma abin da ya fi tada jaridun Paris shi ne kisan da Voulet ya yi wa Bature ɗan'uwansa, kanal Klobb. Jinin baƙar fata bai samu mai tsaya masa kamar yadda Boer suka samu ba.

Dattawan da suka gaji labarin daga kakanni suna ƙarewa. Wajibi ne jaridunmu da jami'ar André Salifou su naɗi muryoyinsu tun da sauran lokaci.